Shaidar Iyawa: Matashin Ojoo a Gaban Masu Ɗaukar Aiki

Sharhin na yau ya shafi matasan Hausawa mazauna Ibadan, musamman na Ojoo da Sabo, da yadda suke gabatar da ƙwarewarsu da basirarsu ta koyo a lokacin da suke neman aiki.

Duk motar kaya da ta taso daga Arewa ta biyo ta Jebba da Ilorin da Ogbomosho da Oyo, a Ojoo take fara gaisawa da birnin Ibadan, kafin ta shiga ciki ko ta zarce Legas, kuma wannan ne ya sa unguwar ta zama matattarar direbobin tirela da yaran mota da 'yan dako da masu abinci da makanikai. Kusa da ita akwai kasuwar Shasha, inda ake sauke tumatir da albasa da tattasai, gaba kaɗan kuma ga kasuwar shanu ta Akinyele. Sai dai yankin bai tsaya ga kasuwanci kaɗai ba, domin Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, tana kudu da shi. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasa da Ƙasa, wato IITA, wadda aka kafa a 1967, tana kan hanyar Oyo. Cibiyar binciken tattalin arziki da zamantakewa ta NISER tana nan Ojoo, haka barikin sojoji na Odogbo, sannan tashar jirgin ƙasa ta Moniya ta fara aiki a 2021. Waɗannan wurare, da bankuna da kamfanonin rarraba kaya da ke kewaye da su, suna ɗaukar ma'aikata iri-iri, daga direba da mai kula da sito har zuwa akawu da mai tattara bayanan bincike, amma ba kasafai ake ganin ɗan Bahaushen da aka haifa a bakin ƙofarsu a cikin waɗanda aka ɗauka ba. Dalilan haka suna da yawa, wasu sun fi ƙarfin matashin, ɗaya daga ciki kuwa yana hannunsa, shi ne rashin sanin yadda zai bayyana abin da ya iya.

Kafin a ɗora wa matashin laifi, ya kamata a duba tsarin da ya tashi a cikinsa. Layin dogo ya iso Ibadan daga Legas a 1901, ya kai Kano a 1911, daga nan fataucin goro da shanu tsakanin Kudu da Arewa ya bunƙasa, har aka ware wa Hausawa unguwar Sabo, kusa da Mokola, a 1916. Masanin halayyar al'umma Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa littafinsa a kanta a 1969, ya nuna cewa ginshiƙin wannan fatauci shi ne maigida, wato mai masaukin fatake, wanda yake saukar da baƙo, ya adana masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an sayar wa mahautan Yarbawa shanu bashi ba tare da wata rubutacciyar yarjejeniya ba. Dukiya mai yawa tana yawo a kan amana kawai, saboda haka maigida ba ya ɗora kowa a kan aiki sai wanda ya sani ciki da bai. Yaro yakan shigo gidan yana ɗan aike, a ga yadda yake dawo da canji, a ga ko yana riƙe saƙo daidai, sannan a ba shi ƙirgar huhun goro, daga baya a tura shi karɓar bashi, kuma sai bayan shekaru ne za a yarda ya yi dillanci ya ci la'adarsa. A wannan tsari babu wanda yake tambayar yaro abin da ya iya, tun da an gani da ido, kuma idan zai koma wani gida, maigidansa ne zai yi magana a madadinsa. Har yau haka abin yake a tashar tirela, inda yaron mota yake shafe shekaru yana wanki da ɗaure tamfol da duba taya kafin direba ya ba shi sitiyari, haka kuma yake a wajen 'yan canjin Sabo.

Tsarin ɗaukar aiki na ofis ya sha bamban da wannan. Mai ɗaukar aiki bai san mai nema ba, bai san ubansa ko maigidansa ba, kuma ba shi da shekarun da zai zuba masa ido. Abin da ke gabansa abu biyu ne. Na farko shi ne takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da CV, inda mai nema yake jera makarantun da ya yi da ayyukan da ya taɓa riƙewa da abubuwan da ya ƙware a kai. Na biyu shi ne intabiyu, wato ganawar tantancewa, inda mutum biyu ko uku za su zaunar da shi su yi masa tambayoyi na ɗan taƙaitaccen lokaci. Shaidar da a da maigida yake bayarwa bayan dogon zama, yanzu matashin ne zai bayar da ita a kan kansa, a shafi ɗaya ko biyu da kuma 'yan mintoci, a gaban mutanen da ba su taɓa ganinsa ba.

Nan ne tarbiyya take cin karo da buƙata. An raini ɗan Bahaushe a kan kunya da kawaici, an koya masa cewa yabon kai jahilci ne, kuma idan babba ya tambaye shi ko ya iya abu, amsar da ta dace ita ce “ana dai taɓawa” ko “sai godiya”. Wannan ɗabi'a kyakkyawa ce a zauren gida, kuma babu mai hankalin da zai so a rabu da ita, amma mai tantancewa da bai san al'adar ba yakan ɗauki amsar a zahirinta, ya rubuta cewa mai neman bai da tabbas a kan kansa. Abin lura shi ne addinin da matashin yake bi bai hana mutum faɗin abin da ya iya ba idan akwai buƙata. A aya ta 55 ta Suratu Yusuf, Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi da kansa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma ambaci siffofi biyu da suka cancantar da shi, wato iya tsare abin da aka ba shi da kuma sanin aikin. A aya ta 26 ta Suratul Ƙasas kuma, 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki saboda ƙarfinsa da amanarsa, bayan ta ga yadda ya shayar musu da dabbobi. Malamai sun daɗe suna kafa hujja da ayar farko a kan halascin mutum ya bayyana cancantarsa da gaskiya. Fahariya ita ce mutum ya kumbura kansa da abin da ba shi da shi, ko ya faɗi abin da yake da shi don a girmama shi, shi kuwa mai neman aiki bayani yake yi ga wanda zai ba shi amana, kuma wancan yana da haƙƙin ya sani.

Ƙwarewa ita ce abin da mutum ya riga ya iya, kamar tuƙi ko lissafi ko aiki da kwamfuta. Basirar koyo kuwa ita ce saurin da mutum yake ɗaukar sabon abu, da juriyarsa a kan gyara, da iya amfani da abin da ya koya a wani wuri dabam. Masu ɗaukar aiki suna ba ta muhimmanci ne saboda kayan aiki suna canzawa cikin sauri, kuma manhajar da ake amfani da ita a sito ko a banki bana ba lalle ba ne a same ta bayan shekara uku. Kusan kowane mai nema yakan rubuta a takardarsa cewa yana da saurin koyo da haƙuri da son aiki tare da jama'a, har kalmomin sun zama ba sa ɗaga wa kowa ido. Abin da ke shiga kunnen mai tantancewa shi ne labarin da ke da ƙashi: abin da aka koya, wajen wa aka koya, tsawon lokacin da ya ɗauka, da amfanin da ya haifar.

A ɗauki misalin matashin da ya gama sakandare ya shiga kasuwar Shasha yana yi wa dillalin tumatir rubutu. Idan aka ce ya cika takarda, sau da yawa yakan bar wajen ƙwarewar aiki fayau, ko ya rubuta “kasuwanci” kawai, don yana ganin zaman kasuwa ba abin nunawa ba ne a ofis. Alhali kuwa shi ne yake ƙirga kwandunan da aka sauke daga mota tun kafin asuba, ya rubuta sunan mai kaya da na mai saye, ya cire kuɗin mota da na dako da la'ada, ya bi bashi wajen mata 'yan kasuwa da Yarbanci, ya kira mai kaya a Kano ko Zariya da Hausa ya ba shi lissafi, kuma duk wannan a kan kayan da ba sa jiran gobe. Kamfanin da ke neman mai kula da sito ko mai rarraba kaya, irin wannan aikin yake so a yi masa. Abin da ya rage wa matashin shi ne ya rubuta shi dalla-dalla: shekarun da ya yi, yawan motocin da yake karɓa a mako, girman kuɗin da ke bi ta hannunsa, da sunan wanda za a tambaya a tabbatar. Idan kuma aka zo batun koyo, yana da abin faɗi. A farkon 2023, lokacin da sauyin fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, kasuwannin da ba su san komai ba sai tsaba dole suka koma tura kuɗi ta waya da na'urar POS cikin 'yan makonni, kuma a rumfuna da yawa samari ne suka fara koyo, suka koya wa iyayengidansu, suka kuma gano yadda ake bambanta saƙon shigar kuɗi na gaskiya da na bogi. Wanda ya yi haka ya ba da wannan labari a intabiyu, ya riga ya amsa tambayar basirar koyo ba tare da ya yabi kansa ba.

Harshe ma haka yake. Yaron da ya tashi a Sabo ko Ojoo yakan ji Hausa a gida, Yarbanci a titi, burokan a tasha, Turanci a makaranta, kuma ya iya karanta haruffan Larabci tun daga makarantar allo. Bankin da ke son 'yan kasuwar Shasha su buɗe asusu, da kamfanin sadarwa, da asibitin da ke karɓar majinyatan da ba sa jin Yarbanci ko Turanci, da masu binciken da ke tattara bayanai daga manoma da fatake, duk suna da buƙatar mai irin wannan baki, amma shi mai shi bai ƙirga shi a cikin abin da ya mallaka ba, saboda bai biya kuɗin makaranta ya koye shi ba. Wanda ya haddace Alƙur'ani kuwa, ko ya yi shekaru yana koyarwa a Islamiyya, yana riƙe da shaidar naci da tsari da iya sarrafa aji, kuma wannan ya fi shafar 'yan mata, waɗanda da yawansu suka koyar ko suka riƙe lissafin adashe da sana'ar cikin gida, sannan su zo neman aiki su ce ba su taɓa yin komai ba.

Binciken masana ya goyi bayan wannan hanya ta nuna iyawa da hujja. A 1998, masana biyu na Amurka, Frank Schmidt da John Hunter, sun tattara sakamakon binciken shekaru 85 a kan hanyoyin zaɓen ma'aikata, inda suka gano cewa gwajin aiki a aikace, da intabiyu mai tsari wadda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a auna amsoshin da ma'auni ɗaya, sun fi yawan shekarun karatu nuna wanda zai yi aiki da kyau. Maigidan Sabo ya san haka tun kafin a rubuta, domin gani ya kori ji. Darasin ga mai nema shi ne ya nemi a gwada shi. Mai gyaran waya ya zo da hotunan aikinsa, mai ɗinki ya zo da abin da ya ɗinka, wanda ya ce ya iya lissafi a kwamfuta ya ce a ba shi ya yi a nan take. Darasin ga masu ɗaukar aiki kuma shi ne duk kamfanin da ya tsaya ga kwali da santsin Turanci kaɗai, yana asarar mutanen da ya fi buƙata.

Duk da haka takarda tana da matsayinta, kuma a nan Hausawan Ibadan suna da abin koyi a wajen maƙwabtansu. Almajirin sana'a a wajen Yarbawa, tela ne ko makanike ko kafinta, idan ya gama koyo akan yi masa bikin 'yantawa, a tara jama'a, a miƙa masa takardar shaida da sa hannun ubangidansa. A wajen Hausawa kuwa yawanci sallama ce da addu'a da ɗan jari, babu rubutu, saboda haka wanda ya shekara bakwai yana koyon gyaran injin tirela yakan fito ba shi da abin da zai ɗora a kan tebur. Akwai hanyoyin cike wannan giɓi. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana gudanar da jarrabawar gwajin sana'a mai matakai uku. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, tana shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, tana da tsarin shaidar ƙwarewa wanda yake amincewa da abin da mutum ya koya a wajen makaranta, bayan an tantance shi a bakin aikinsa. Ko ba a kai ga waɗannan ba, wasiƙa ɗaya daga maigida ko shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, mai ɗauke da kwanan wata da bayanin aikin da yaron ya yi da lambar wayar da za a kira, tana da nauyi ƙwarai.

A ɗakin intabiyu kuwa, ladabin gida yana da wurinsa, gaisuwa da nutsuwa da tsabtar tufafi duk riba ce, amma sunkuyar da kai da amsa da kalma ɗaya sukan cutar da mai su. Ana so mai nema ya ɗaga kai ya dubi mai tambaya, ya yi magana a ji, ko da Turancinsa bai kai na ɗan jami'a ba, tun da sauƙaƙan jimloli masu ɗauke da gaskiya sun fi haddatattun kalmomi da aka kwaso daga intanet. Idan aka tambaye shi abin da bai sani ba, mafi alheri ya ce bai sani ba, sannan ya faɗi makamancinsa da ya taɓa koyo da yadda ya bi ya koya, domin mai tantancewa gogagge yana gane kame-kame tun daga jimlar farko. Yana da kyau kuma ya binciki wurin kafin ya je, ya san abin da suke yi da waɗanda suke hulɗa da su, ya tanadi tambaya ɗaya ko biyu a kan aikin kansa, domin mai son koyo akan gane shi daga irin tambayar da yake yi.

Zai zama rashin adalci a nuna kamar iya bayani shi kaɗai zai buɗe kowace ƙofa. Guraben aiki sun yi kaɗan a ƙasar baki ɗaya, kuma ba a manta da ranar 15 ga Maris, 2014 ba, lokacin da masu neman aikin Hukumar Shige da Fice suka cika filayen wasa a birane da dama, aka yi turmutsutsu, mutane suka rasa rayukansu. Ga kuma matsalar takardar shaidar asali: tsarin daidaiton rabon muƙamai da ke sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 yana aiki ne da jihar asali, saboda haka matashin da aka haifi kakansa a Sabo yakan tarar ba a ƙirga shi ɗan Jihar Oyo, sai ya yi tattaki zuwa wata ƙaramar hukuma a Katsina ko Sakkwato, inda wataƙila babu wanda ya san shi, don neman takarda. Wannan gyara ne da ke kan majalisa da gwamnatoci. Ƙuncin da ake ciki shi ne kuma yake jefa wasu a hannun masu sayar da gurbin aiki da masu buga takardun bogi, abin da yake cinye kuɗin iyaye, ya kai mutum gaban shari'a, ya kuma zubar da amanar da ita ce jarin Hausawan Ibadan tun 1916. Rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021, wanda aka yi asarar rayuka da rumfuna a cikinsa, ya nuna wa kowa haɗarin al'umma ta dogara da ƙofar abinci guda ɗaya, ya kuma nuna amfanin a samu 'ya'yanta a ofisoshi da asibitoci da makarantun garin da suke zaune.

Saboda haka kira yake ga sarakunan Hausawa na Sabo da Ojoo da Shasha, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da dillalai da 'yan canji, su mayar da rubuta wa yaransu takardar shaidar aiki al'ada a duk lokacin sallama, su kuma taimaka wa masu sana'a su zauna jarrabawar gwajin sana'a. Makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin ɗalibai su ware lokaci, ko da sau ɗaya ne a wata, inda waɗanda suka riga suka samu aiki za su zaunar da ƙannensu su duba musu takardu, su yi musu gwajin intabiyu. Shi kuma matashin da ke sauraro, namiji ko mace, ya samu takarda tun yau ya rubuta duk abin da ya koya daga makarantar allo zuwa yanzu, da wanda ya koya masa, da wanda zai iya tsaya masa shaida, ya ajiye ta kafin ranar da za a kira shi.